Kuɗin Aikin Leza Na Ido, Da Maganin Ƙaiƙayin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekarata 29, kuma tun ina sakandare nake sa tabarau saboda ba na ganin abin da ke nesa. Na ji ana yin aiki da leza mutum ya rabu da tabarau. Na ɗauki adashi na ajiye. Nawa ake yin aikin, kuma ya dace in zuba kuɗina a kansa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin mu taɓa maganar kuɗi, ya kamata ki san abin da za ki saya. A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai wadda kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba, kuma ita ce ke yin mafi yawan aikin tanƙwara haske zuwa cikin ido. Abin da leza, wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, ke yi shi ne ta kankare wani ɗan ɓangare na wannan fata domin ta sauya siffarta, ta yadda gyaran da tabarau ke yi miki daga waje zai koma jikin idon. A hanyar da aka fi sani, wato LASIK, ana ɗaga ɗan murfi daga saman fatar, a yi aikin a ƙarƙashinsa, sannan a mayar da shi. A PRK, wadda ta girme ta, ba a ɗaga murfi, amma ta fi raɗaɗi kuma ta fi jinkirin warkewa. SMILE kuwa, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016, ana yin ta ne ta wata 'yar ƙaramar kafa. Aikin kansa yakan ƙare cikin ƙasa da rabin awa, kuma yawancin waɗanda aka tantance da kyau suna jin daɗin sakamakon. Sai dai abin da aka kankare ba ya dawowa har abada.

A Amurka ana yawan biyan tsakanin dala 2,000 zuwa 3,000 a kan ido ɗaya. A Najeriya 'yan asibitocin kuɗi ne a manyan birane irin su Legas da Abuja ke yin aikin, kuma tun da na'urar da kayan da ake amfani da su duk daga waje ake shigo da su, farashin yana tafiya ne da canjin dala, don haka kada ki dogara da kuɗin da wata ta ce ta biya bara. Ki nemi a rubuta miki farashin a takarda, ki kuma tambaya dalla-dalla: na ido ɗaya ne ko na biyu, ya haɗa da gwaje-gwajen farko da magungunan ɗigawa da zuwa ganin likita bayan aiki, kuma idan gyaran bai cika ba har aka buƙaci ƙari, wa zai biya? Inshorar lafiya galibi ba ta ɗaukar nauyin wannan aiki, domin ana lissafa shi cikin abin da mutum ya zaɓa wa kansa. Masu zuwa Indiya ko Masar sukan samu aikin da sauƙi, amma idan aka haɗa tikiti da biza da masauki da kuɗin ɗan rakiya, sauƙin yakan ragu ƙwarai. Abin da ya fi damuna game da tafiya waje shi ne, dole likita ya duba idon washegari, ya sake dubawa bayan mako guda, sannan a ci gaba da bibiya na wasu watanni. Wadda ta dawo gida bayan kwana biyar tana bukatar sanin likitan da zai karɓe ta tun kafin ta hau jirgi.

Akwai lissafin da nake so ki zauna ki yi da biro. Daga wajen shekara 40 madubin da ke cikin ido yakan fara rasa laushinsa, sai karatu na kusa ya yi wuya, kuma leza ba ta hana wannan. Ke da kike duba littattafan ɗalibai kullum, da alama za ki koma ga tabarau na karatu bayan shekara goma sha ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Ki lissafa kuɗin sabunta tabarau duk shekara biyu a tsawon wannan lokaci, ki ajiye shi kusa da farashin aikin. Za ki ga cewa ba don tsimi ake yin aikin leza ba. Walwala ake saya, ta tashi da asuba a ga agogon bango ba tare da lalube ba. Wannan walwala tana da daraja, kuma ba na raina mai sonta, amma idan adashin nan shi ne kaɗai abin da kike da shi domin ko-ta-kwana, shawarata ita ce ki bar shi a inda yake.

Idan kuma kina da hali, to kuɗin farko da za ki kashe na gwaji ne. A auna kaurin fatar idon, a ɗauki taswirar siffarta, a duba yawan hawayenki, a kuma tabbatar lambar tabaraunki ba ta sauya ba aƙalla shekara guda. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai shayarwa, kuma ba a yi wa wadda fatar idonta ta yi siriri ko ta fara tsini. Bushewar ido bayan aiki abu ne da ya zama ruwan dare, yakan ɗauki watanni, wasu kuma sukan riƙa ganin kewayen haske a jikin fitilun mota da dare. Yana da kyau ki fara jin ra'ayin likitan ido wanda ba shi da riba a aikin, misali a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ba ta da nisa da ke. Duk asibitin da ya yi miki alkawarin aiki a ranar da kika fara zuwa, tun ba a ga sakamakon gwaji ba, ki gode masa ki yi gaba.

Tambaya: Ni direban Keke Napep ne a Kano. Da zarar hunturu ya kama sai idona ya yi ja, yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, yana yi mini aiki nan take, har na ƙarar da kwalba uku. In ci gaba da shi, ko akwai wanda ya fi shi?

Amsa: Malam, kafin ka ƙara ɗiga ko sau ɗaya, ɗauko kwalbar ka karanta abin da ke ciki. Idan ka ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, to maganin yana cikin rukunin da bai halatta a yi amfani da shi ba sai likita yana lura. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin sauri, shi ya sa mutane ke ƙaunarsa, amma idan aka daɗe a kansa yana iya ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido har ya lalata jijiyar gani ba tare da wani zafi da zai faɗakar da mutum ba, yana iya jawo yanar ido, kuma yana ƙara rura miki idan akwai shi a idon. Kwalba uku ba wasa ba ne. Ka je asibitin ido da kwalbar a hannunka cikin makon nan, ka nemi a auna ƙarfin ruwan idonka, likita ya tsara maka yadda za ka rabu da maganin. Idan kuwa naphazoline ko tetrahydrozoline ka gani, waɗannan matse jijiyoyin jini kawai suke yi domin ido ya yi fari, kuma da zarar ƙarfinsu ya sake sai jan ya dawo fiye da da.

Abin da idonka ke bukata mai araha ne. Iskar hunturu tana busar da hawaye, ƙura da hayaƙin ababen hawa kuma suna zama a kan busasshen ido. Ka sayi tabarau mai faɗi wanda ya rufe har gefen fuska, ka sa shi duk lokacin da kake kan hanya. Ka nemi maganin ɗigawa mai kwaikwayon hawaye, irin mai hypromellose ko carboxymethylcellulose, mai lambar NAFDAC, ka ɗiga sau uku ko huɗu a rana. Kada bakin kwalbar ya taɓa idonka, kada ka ara wa kowa, kuma ka jefar da ita bayan kwana 28 da buɗewa ko da da saura. Idan ka tashi aiki ka wanke hannu da fuska da ruwa mai tsabta, ka jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi ka ɗora a kan rufaffen ido na minti biyar zuwa goma. Idan ƙaiƙayi ne ya fi yawa, akwai sodium cromoglicate da olopatadine, waɗanda likita zai iya rubuta maka. Murza ido yana da daɗi a lokacin, amma yana ƙara ƙaiƙayin, kuma yawan yinsa na iya raunana fatar gaban ido.

Ina roƙonka, kada ka bari a ɗiga maka ruwan sukari ko ruwan albasa ko nonon mace ko fitsari, domin ana rasa ido ta wannan hanya. Kwalli ma a ɗaga masa ƙafa, saboda an sha samun dalma a cikinsa. Idan ganinka ya ragu, ko ido ɗaya ya yi zafi mai tsanani, ko ba ka iya kallon haske, ko ka ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko kwantsa mai kauri tana zuba, ka ajiye keken ka tafi asibitin ido a ranar.