Amsa ga mai tambaya kan masu kukan rufe Splash Mountain

Ɗan'uwa, ka ce kana mamakin yadda manya da gemunsu suke hawaye don an rufe wurin wasa. Wallahi ni na fahimce su sosai. Splash Mountain, wasan hawa kwale-kwale a ruwa na wurin shaƙatawar Disney World a Florida ta Amurka, tun 1992 yake aiki, sai a Janairun 2023 aka rufe shi, shekara talatin fa, wanda uba ya riƙe wa hannu cikin kwale-kwalen nan yana yaro yau shi ne ya kawo nasa ɗan, su zauna tare a gangaro daga sama ruwa ya jiƙa su sharkaf suna ihu. To wannan ne ake wa kuka.

Ranar ƙarshe mutane sun yi awanni a layi, har wasu suka ɗebi ruwan a kwalba suka sa a kasuwa a shafin saye da sayarwa na eBay.

Dalilin rufewar kuwa, labarin da aka gina wasan a kai daga wani fim ne na 1946 da aka daɗe ana sukarsa kan yadda ya nuna baƙaƙen fata, kuma gaskiya na ga dacewar canjin. Yanzu ya koma Tiana's Bayou Adventure tun 2024. Splash Mountain na Tokyo dai yana nan.