Silaid ɗin da ke lakwa-lakwa, da yadda na rasa Vespa ɗina

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, wai wani ya nuna maka ƙaramar fistol ta kakansa, duk tayi tsatsa, samanta kuma, wato silaid, ƙarfen nan da ake ja baya, yana lakwa-lakwa in an girgiza, shine kake tambaya ko a sa ta a bais, wato matsen ƙarfe na kan tebur, a matse ko a ɗan bubbuga ta da hamma. Da nace bazan amsa ba sai ka zo shago, amma kalmar bais ɗin nan ita ta hana ni barci wallahi, dan ta tuno min da wani mutum da har gobe in na tuna shi sai naji ɗaci a maƙogwarona.

Kafin komai, ka tambaye shi takarda? Nasan baka tambaya ba, ku yaran yanzu ido akan kuɗin aiki kawai. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Adaka irin ta mafarauta da ƴan bindigar hawan sallah lasin ɗinta wajen kwamishinan ƴan sanda yake, mai baki biyu ta harbin tsuntsu wajen sufeto janar, ita kuwa fistol da libarba suna cikin haramtattu, sai da lasin daga shugaban ƙasa. Shi kansa gyaran sai mai izini. Ni da ka ganni sai da nayi shekaru ina aikin ma'ajiyar makamai kafin in buɗe shago da takardata. In ba takarda kace masa ya miƙa ta ga hukuma, kar ma ta kwana a hannunka.

Toh hoton da ka turo na gane ta, Browning ce ta kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam, samfurin 1910, mai cin harsashi mai faɗin milimita 7.65. Akwai ƴar uwarta ƙarama ta 1906 mai 6.35 wadda ake sawa a aljihun falmaran.  Ita ta 1910 ɗin nan irinta aka harbe yariman Ostiriya da ita a Sarayebo a 1914 har yaƙin duniya na farko ya tashi, kaga ba abar wasa bace duk da ƙanƙantarta.

Irin ta na taɓa karɓa wajen 1986, lokacin an fara shiga wahalar SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, kaya sun yi tsada, ni kuma an sa min rana. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, babbar riga har ƙasa, turare kamar an fasa kwalba, ya zo da ita naɗe a hankici da takardunta cif. Yace silaid na motsi, in ya girgiza yana jin ƙwar-ƙwar, shi baya so. Na duba nace Alhaji wannan ba ciwo bane, haka aka yi ta. Yace a'a, an ce masa ni ne gwani a duk faɗin birni, in ban iya ba zai kai Kaduna. Kaji inda ya kama ni, ƙuruciya da son a yaba. Kullum maigidana Allah ya jiƙansa yana cewa ƙarfen da ya girme ka kar ka tilasta shi, amma ranar sai na toshe kunne. Na sa ta a bais na naɗe da fata, na murɗa kaɗan, ban ma kai rabin zagaye ba naji ƙas. Silaid ya tsage daga wajen tagar da kwanson harsashi ke fita.

Mutumin nan ya ɗora hannu aka yana salati, wai gadon mahaifinsa ce, wai babu irinta a ƙasar nan, ya tara min mutane a bakin shago har masu wucewa suka tsaya kallo. Ƙarshe dattawa suka shiga akace in biya. Vespa ɗina da na tara kuɗinta shekara uku, shuɗiya, ko wata shida banyi da ita ba, na tura ta da hannuna na kai aka saye ta a wulaƙance dan dillalai sun ga ina cikin matsi. Aka ɗaga bikina har bayan babbar sallah, surukata ta dinga faɗa a dangi cewa yaron ba shi da riƙo. Da ƙafa na dinga zuwa shago daga Kurna, ko in hau bas in da canji.

Abin da ya fi ƙona min rai bayan kusan wata biyu ne. Gutsuren silaid ɗin na nan a akwatina, ranar nan na ɗauko na jiƙa a kananzir na goge na ɗaga shi a rana. Cikin tsagar baƙi ne ƙirin da tsohuwar tsatsa, ɗan gefe ɗaya kawai ke ƙyalli. Kai ma ka san ƙarfen da ya karye yau fari yake tas. Wato tsagar ta daɗe, an cike ta da dalma an shafa baƙi akai. Daga baya wani maƙeri ya gaya min shi ma an kai masa ita ya ƙi taɓawa. Naje na sami Alhajin a rumfarsa na nuna masa, ko kunya babu, yace ai magana ta wuce tunda dattawa sun yanke. Ya rasu tuni, Allah ya gafarta mana baki ɗaya, amma ni dai ban ce na yafe Vespa ba.

Dan haka ka ji, irin waɗannan ƙananan ba su da makullin da ke kulle silaid a ciki, nauyin silaid da ƙarfin sifirin su ne ke riƙe ta lokacin harbi, kuma dole a bar ɗan sarari dan in datti ya shiga ko tayi zafi kar ta cije. Wannan ɗan motsin da ka ji tun daga masana'anta akwai shi. Abin dubawa shine tsaga, musamman wajen tagar kwanso da kan layin da silaid ke gudu, sai sifirin in ya mutu, dan sifirin da ya shekara ɗari ya gaji, shi ke sa ƙarfe na dukan ƙarfe. In ka ga tsaga shikenan ta zama ta ajiya, ba walda ba dalma, mai harba ta fuskarsa zata samu.

Wankin kuwa bazan tsaya koya maka cire magazin da leƙa ciki ba, in har yanzu sai an gaya maka wannan to koma sayar da rake. Kananzir zaka jiƙa ta ta kwana, ka bi da buroshin tagulla da tsumma, sannan ɗan man keken ɗinki, ba baƙin mai ba. Kuma dan Allah kar in ga samfefa ko giranda kusa da ita. Ku komai sai yayi ƙyalli kamar sabuwar tukunya, kun gani a TikTok. Wannan baƙi-shuɗin da ke jikinta shi ke kare ta daga tsatsa, kuma in ka ci lambar jikinta da samfefa ka ja wa kanka da mai ita bala'in da ba mai fitar da ku. Cikin bututun in ka haska ka ga ramuka ƙanana to tsohon harsashi ne mai gishiri ya ci shi, ba abin da zai dawo da shi.

Ranar Asabar ka zo da wuri akwai adaka huɗu na ƴan farauta da ke jira, kuma ka dawo min da magagarina da ka ɗauka tun kafin azumi.