Filin Tambaya da Amsa: Fam-akshan a Fagen Wasan Harbi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan bindiga ɗaya suke, wato mai tarwatsa ƙwaya wadda ake jan mariƙinta na gaba a mayar, wadda kowa a Gana ke kira fam-akshan. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita su.

Tambaya daga wani mai karatu a Nima, Akra: Assalamu alaikum. Ina neman lasisi, kuma abin da nake so shi ne harbin faifai, irin na yumɓu da ake cillawa sama, a ƙarshen mako, ba farauta ba. Wani abokina ya ce fam-akshan ta masu gadi ce, in tara kuɗi in sayi mai ɗura kanta. Shin za ta riƙe ni?

Wa alaikumus salam, Malam. Za ta riƙe ka, har ta riƙe ɗanka in an kula da ita. Sirrinta shi ne ba ta jiran ƙarfin harsashi ya yi mata aiki. Mai ɗura kanta tana amfani da hayaƙin albarushi ko bugun harbi wajen tura sakata baya, don haka idan harsashin ya yi rauni ko ramukan hayaƙin sun toshe, sai ta cije. Ita kuwa fam-akshan hannunka ne injinta. Ka ja mariƙi baya, sanduna biyu na ƙarfe su tura sakata, ƙugiya ta fizgo kwanson da aka harba ta yar, sabon harsashi ya fito daga bututun ajiya na ƙasa ya hau cokali. Ka mayar gaba, cokalin ya ɗaga shi, sakata ta tura shi mazauninsa ta kulle. Harsashi mai giram 24 da mai giram 36 duk ɗaya ne a wurinta.

Ƙirar ma ta daɗe tana shan gwaji. John Browning ne ya zana Winchester ta 1897. Remington 870 ta fito a 1950, an ƙera fiye da miliyan goma, Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Tsakanin biyun nan bambancin da za ka ji a hannu kaɗan ne: jikin 870 ƙarfe ne, makullin kariyarta na bayan kunama, jikin Mossberg alminiyam ne, makullinta na sama inda babban yatsa ke kaiwa, abin da bahago zai fi jin daɗinsa.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne irin da masu gadi ke riƙewa: gajeren bututu na santimita 47 zuwa 51, wani lokaci ma babu gindin da ake kafawa a kafaɗa, sai mariƙi irin na fistol. Wannan ba ta harbin faifai ba ce. Nemi mai bututun santimita 66 ko 71, mai cikakken gindi, mai bakin da ake ɗaura masa cok a cire, wato ɗan zoben da ke matse baki don ƙwaya ta taru. Dogon bututu ba don ya ƙara nisa ba ne, nauyinsa ne ke sa hannu ya bi faifai sumul ba tare da tsayawa ba. Abu guda da za ka haƙura da shi: tana bugun kafaɗa fiye da mai aiki da hayaƙi, domin babu abin da ke shanye bugun. Harsashi mai giram 24 ko 28 da roba mai kauri a gindi su ne maganinsa.

Tambaya daga Madina: Harbin farko lafiya. Na biyu sai in ja kunama in ji "ƙyas", babu komai. Wani lokaci kuma kwanso ya maƙale a taga. An ce in kai ta wurin maƙeri.

Ɗan'uwa, dakata da zuwa wurin maƙeri. Mafi yawan lokaci wannan ba ciwon bindiga ba ne, gajeren ja ne. Ido na kan faifai na biyu, zuciya na gaggawa, sai hannu ya juya gaba tun bai kai ƙarshen baya ba. Harsashin da ke cikin bututun ajiya ba ya sakuwa sai mariƙi ya kusa ƙurewa. In ka tsaya saura kaɗan, kunama ta riga ta ɗanu, kwanso ma wataƙila ya fita, amma sakata za ta kulle a kan mazauni wayam. In ka tsaya tun kafin haka, kwanson bai kai ga abin da ke harba shi waje ba, sai sakata ta dawo ta danne shi a taga.

Gyaran a hannu yake. A ja da ƙarfi har a ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, a mayar da ƙarfi har a ji ta kulle. Ba a lallaɓa fam-akshan, ba za ka karya ta ba. Ka sayi harsashin gwaji na roba wanda babu albarushi a ciki, ka fitar da duk harsashi na gaske daga ɗakin, ka riƙa yin ja ashirin zuwa talatin kullum, gindi na kafaɗa, kunci na manne da shi. Wanda ke sauke bindiga daga kafaɗa kafin ya ja ya riga ya rasa faifai na biyu. Ka duba tsawon gindin kuma. Yawancinsu daga kunama zuwa ƙarshe kusan santimita 36 ne. Mai gajeren hannu sai ya miƙe hannun hagu gaba ɗaya kafin ya kama mariƙi, kuma miƙaƙƙen hannu ba ya ja da ƙarfi. Rage santimita biyu ta hanyar canza robar gindi kan kawar da matsalar.

Idan kuwa kana ja har ƙarshe amma abin bai daina ba, to sai a duba bindigar. Mariƙi ya ƙi motsi bayan harbi, sai an yi kokawa: mazaunin harsashi ne ya yi datti ko tsatsa, kan kwanso ya kumbura ya kama shi. Kan yawancin harsashi mai araha ƙarfe ne da aka yi wa ruwan tagulla, ba ya komawa yadda yake bayan ya buɗe. Buroshin tagulla da mai, a murza sosai. Sakata ta dawo ta bar kwanso a ciki: bakin ƙugiya ya cinye ko sifirinta ya mutu, ƙaramin abu ne da ake canzawa. Harsashi ya ƙi fitowa daga ƙasa, musamman na ƙarshe: dogon sifirin bututun ajiya ya yi laushi ko datti ya riƙe shi. Biyu su fito tare su cushe: ƙarafan da ke tare harsashi a bakin bututun ne suka lanƙwashe ko suka ci, nan kam aikin mai gyaran bindiga ne mai izini. Mai walda dai a bar shi da ƙofa da taga.

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: Malamai, ina da harsashi mai ƙwaya AA da BB da nake farauta da su. Zan iya harbin faifai da su? Kuma mene ne 70 da 76 da nake gani a kwali?

Fara da lambobin, domin su ne masu haɗari. Tsawon kwanso ne a milimita bayan an harba bakinsa ya buɗe. An buga tsawon mazaunin bindigarka a jikin bututu: 70, ko 76, ko a inci 2¾ da 3. Gajere yana shiga dogo lafiya. Amma harsashin 76 zai zauna daram a mazaunin 70 kamar babu komai, tun da bakinsa a naɗe yake, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, matsin ya hau fiye da abin da aka ƙera bututun ya ɗauka. Haka nan kada harsashin geji 20 ya kwana aljihu ɗaya da na geji 12. Geji ma'aunin faɗin bututu ne, na 20 ya fi na 12 ƙanƙanta. Ƙaramin zai zurma cikin bututu ya maƙale inda ido ba ya gani, a ɗura babba a bayansa, bututu ya fashe kusa da hannun hagu. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke yin na geji 20 rawaya.

AA da BB kuwa ajiye su. Faifan yumɓu faɗinsa milimita 110 ne, yana gudu, kuma ƙwaya biyu ko uku ƙanana sun isa su fasa shi. Abin da ake so yawa ne, ba girma ba. A giram 28 na ƙwaya lamba 7½, mai kaurin kusan milimita 2.4, akwai ƙwaya wajen 350. BB ta haura milimita 4, a nauyi ɗaya ba ta wuce 50 zuwa 70 ba, faifai zai ratsa tsakaninsu ya wuce. Ga shi babbar ƙwaya tana tafiya nesa. Ko da ƙananan, filayen harbi kan bar mita 275 a gaba babu mutum, babu gida, babu hanya.

Tun da ka ambaci farauta: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe ta a Gana kowace shekara, sai gyazbi kawai, akrantie a bakin mutanen Kumasi, shi ma da takardar izini. Watanni huɗun nan su ne lokacin da mafarauci ya fi amfana da faifai. Kafin ka fara, kafa kwali mai faɗin mita ɗaya a nisan mita 36, ka harba sau ɗaya, ka zana da'ira mai faɗin santimita 76 inda ƙwaya ta fi taruwa, ka ƙirga. Buɗaɗɗen baki kan zuba kusan kashi 40 cikin ɗari a ciki, matsakaicin cok kusan 60, matsattse kusan 70. Za ka kuma ga ko bindigar na buga inda kake kallo ko ƙasa da shi.

Tambaya daga Sabon Zongo, Akra: Ɗana na son shiga gasa. Ana karɓar fam-akshan?

Ya danganta da gasar, Alhaji. Dokokin ISSF, hukumar da ke kula da harbin Olamfik, sun karɓi mai baki biyu da mai ɗura kanta amma sun cire fam-akshan, sun kuma ƙayyade ƙwaya a giram 24. In can ya nufa, ƙarshenta sai mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. A gasar IPSC, wata hukumar harbi ta duniya, inda ake tafiya daga wuri zuwa wuri ana kayar da faranti na ƙarfe da agogo, akwai rukuni na bindigogin da ake ɗanawa da hannu, kowa da irin tasa, kuma a can saurin ɗura harsashi ya fi saurin ja muhimmanci. A harbin faifai ɗai-ɗai irin na Amurka, daga yadi 16, fam-akshan ba ta da wata naƙasa, Winchester Model 12 da 870 sun daɗe a wannan fage. Inda take wahala shi ne faifai biyu a tare, domin ja na motsa baki daga layi. Ana koyo, amma mai baki biyu ya riga shi da rabin numfashi. Ya fara da ita, ƙarƙashin mai koyarwa, da abin toshe kunne da gilashin kariya. Ƙarar geji 12 ta haura desibel 150, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Tambaya daga wata Hajiya a Mamobi: Mahaifinmu ya rasu ya bar fam-akshan a jakarta ƙarƙashin gado. Mun buɗe mun ga ja-ja a jikin bututu. Yaya za mu yi?

Allah Ya jiƙansa, Hajiya. Kafin maganar tsatsa, kada kowa ya ɗauka babu harsashi a ciki. A juya baki inda babu mutum, yatsa nesa da kunama, a kira wanda ya san ta. Zai danna ɗan maɓallin da ke gefen gidan kunama, ya ja mariƙi a hankali, ya cire na mazauni, ya zazzage na kan cokali, ya fitar da sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya duba da ido ya taɓa da yatsa. Sai lasisi. Na marigayi ne, ba ya bin gado. Dokar makamai ta 1972 ta sa rajista a hannun 'yan sanda, ana kuma sabunta lasisi kowace shekara. Ku je ofishinsu da tsohuwar takardar, su gaya muku yadda za a mayar da ita sunan magaji ko a miƙa ta.

Tsatsar kuwa jakar ce ta jawo. Soson cikinta na shan damshin Akra da gishirin iskar teku ya riƙe a jikin ƙarfe. In ta sama ce, mai da lallausan soson ƙarfe lamba 0000 za su ɗauke ta, a goga a hankali. A kwance murfin bututun ajiya, a zare bututu, a ɗaga shi wajen haske. In cikinsa na ƙyalli, tsumma da mai sun isa. In akwai ramuka ko kumburi, kada a harba sai masani ya gani. A ciro dogon sifirin a share shi a mayar a bushe, kuma a rufe bakin da tafin hannu lokacin cirewa, domin yana tsalle. Mai ɗigo ɗaya a kan kowace sanda, ɗaya a jikin sakata, ban da ramin allura: in hazon hunturu ya sauko, ƙura da mai kan zama taɓo a wurin, allura ta kasa bugun harsashi. Bayan haka ta zauna a akwatin ƙarfe mai makulli, ba a cikin jakar ba, harsashi kuma a wani wurin dabam da yara ba su san makullinsa ba.