Kawu, ba allurar kisa muke yi musu ba

Kawu ina wuni, ya Tudun Wada, ya zafi. Na ji saƙon da kuka turo a guruf ɗin gida, wai an ce muku a Ingila in tsoho ya kwanta ciwon ajali sai nas ta tsira masa allura kowa ya huta, kuna tambaya ko mu Hausawan nan haka muke zuba ido ana yi wa namu. Wallahi ba haka ba ne, kuma tunda jinyar irin waɗannan marasa lafiya ce aikina kullum bari in warware muku.

Allurar da ake faɗa ɗin akwai ta. Wata 'yar na'ura ce mai batir, a sa sirinji a ciki a maƙala siririyar allura a ƙarƙashin fata, tana tura magani kaɗan-kaɗan har awa 24 sannan mu sake cikawa. A ciki akwai mofin saboda raɗaɗi da sarƙewar numfashi, da na kwantar da firgici, da wanda ke rage majinar nan da ke sa kakari a maƙogwaro. Galibi sai mutum ya daina iya haɗiya ake sa masa, to dangi su ga an ɗaura Talata ya cika Alhamis sai a ce ai ita ce, alhali ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsa shi ya sa ma aka ɗaura. Mofin ɗin ma mu biyu muke auna shi mu sa hannu a littafi. Ko taimaka wa mutum ya kashe kansa laifi ne a dokarsu ta 1961, ɗaurin har shekara 14, majalisa dai ta yi ta muhawarar sassauta ta a 2024 da 2025. Tsarin jinyar masu ciwon ajalin kuma wata Cicely Saunders ce ta kafa shi, nas ce da ta koma likita ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ita ta dage a riƙa ba da magani kan lokaci kafin ciwon ya dawo, ba sai mutum ya fara ihu ba.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki wani ne daban. A asibitin Barau Dikko ko 44 ko Shika kun san ɗan uwa ne ke jinya, shi ne da tabarma da fulas, shi ke juya mara lafiya ya wanke shi ya je sayo magani. Nan duk mu ke yi, juyawa, goge jiki, jiƙa baki in ya bushe. Sai ku ga mace ta zauna gefen gadon mijinta ta rasa inda za ta sa hannunta, kamar baƙuwa a ɗakinta. Ni kam ce mata nake Hajiya matso, ga auduga, tsoma a zamzam ɗin nan ki shafa masa a leɓe, ba mai hana ki. Kuma in mace ba ta son namiji ya taɓa ta sai a faɗa tun wuri, suna ƙoƙari.

Inda ake rigima shi ne faɗin gaskiya. Likitan nan mara lafiyar yake gaya wa kai tsaye, cewa magani ya daina aiki, har a yi maganar takardar nan da ke cewa in zuciya ta tsaya ba za a danna ƙirji ba. Namu sai su fusata, wa ya san gawar fari, shi ne Allah? Gaskiya ne ba shi ba ne. Amma ni na ga amfanin abin, Kawu, na ga wanda ya samu ya faɗi bashin da ke kansa, ya kira ƙaninsa da suka daɗe ba sa ga maciji suka yafi juna, na ga wanda ya ce a yankar masa tikiti tun yana iya zama a jirgi ya dawo Kaduna. Mu a gida da sauƙi, da sauƙi muke ta cewa har a rufe mutum bai bar wasiyya ba.

In namu ya kai wannan gaɓar ana sanarwa a WhatsApp, a raba zuwa, mata da rana maza bayan isha'i, wata ta damo kunu ko da masu zaman ne za su sha. Galibi ana ba shi ɗaki shi kaɗai a daina ƙirga lokacin ziyara, a karanta Yasin a hankali, manyan asibitoci har limami gare su, in wuri ya ba da dama mu karkata gadon ya kalli alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada ba tare da takura ba. In ya cika mu rufe ido mu ɗaure haɓa mu miƙe ƙafafu, wanka kuma na masallaci ne, da yawansu suna da ɗakin wanka da firij.

Saurin binnewa ne dai ba mu da shi. Ku a rasu da asuba kafin azahar an kai maƙabartar Bashama, mu sai likita ya rubuta dalilin mutuwa, tun Satumbar 2024 kuma sai wani likitan daban ya sake dubawa, sannan rajista, sannan takardar binnewa, in mutuwar fuju'a ce ma sai mai bincike ya saki gawar, balle ta faɗo Asabar. Kabari da mota dubban fam ne, shi ya sa muke da asusun jana'iza da ake zubi. Kai gawa gida kuwa kaɗan ne ke yi, yawanci nan ake binnewa ku kuma ku yi zaman makoki a can. Ku gaida Inna, ku ce mata maganin ƙafarta na nan tafe da mai zuwa ƙarshen wata.