Yunwa da wankan ruwan zafi suna warkar da kumburin hanji?

Tambaya: Salam likita, dan Allah ƙanena ne aka ce yana da cutar Crohn, wato wani irin kumburin hanji, kusan shekara biyu kenan gudawa da ciwon ciki, duk ya rame. Sai muka ga wani bidiyo wai in mutum ya yi kwana uku ba ci yana shiga ruwan zafi, jiki zai tada otofaji da HSP hanjin ya warke. Yanzu so yake ya ajiye magani. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, don Allah kar ya ajiye maganin nan.

Abubuwan da suka ambata akwai su. HSP wasu furotin ne da ƙwayar sel ke ƙara yi in ta shiga matsi, wani Ba'italiye Ferruccio Ritossa ya fara ganin alamarsu a 1962 a jikin ƙananan ƙudaje da zafi ya yi musu yawa. Kinga kowane furotin sai ya naɗu a siffarsa kafin ya yi aiki, zafi ko kumburi kuma warware shi suke, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko, toh HSP70 da 'yan'uwansa ne ke riƙe shi har ya koma daidai. Wanda ya ƙi gyaruwa kuma sai sel ta ƙunshe shi a 'yar jaka ta narkar, har da bakteriyar da ta kutso ciki, wannan shi ne otofaji, a kansa Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a 2016.

A hanji abin ya fi muhimmanci, don bangon nan layi ɗaya ne tak na sel tsakanin jiki da tarin bakteriya. A ƙasan ƙananan ramukan ƙaramin hanji akwai sel da ake kira Paneth, su ke fesa sinadarin kashe bakteriya, kuma in otofaji ya samu tangarɗa ba sa fesawa yadda ya kamata, sai bakteriya su manne da bango, garkuwar jiki ta yi ta faɗa ba tsayawa, ga gyambo ga gudawa. A 2001 aka danganta ƙwayar gado NOD2 da Crohn, a 2007 aka samu ATG16L1 wadda ke cikin aikin otofaji kai tsaye. Amma fa mutane da yawa na ɗauke da canji a waɗannan ƙwayoyin gadon kuma lafiyarsu lau, sai wani abu ya haɗu da shi, ko a ɓerayen gwaji sai da wani bairos ya shiga sannan lalacewar ta fito. Sigari ma na tsananta cutar, in yana sha ya bari yau.

Yunwa tana ƙara otofaji a dabbobin gwaji, wannan haka ne, sai dai ba ta gyara gado, kuma wallahi abin da ya fi tada min hankali shi ne mutumin da hanjinsa ba ya tsotsar abinci ya ƙara da kwana uku ba ci, ga zufar ruwan zafi a kan gudawa, ruwan jikinsa zai ƙare ƙoda ta taɓu. Ko yara masu Crohn da abinci ake kwantar musu da ita, wani abinci mai ruwa na asibiti na sati 6 zuwa 8.

Abu ɗaya nake so ki tambayi likitansa: an bincika tibin hanji da atuni? A wajenmu suna kama da Crohn sosai, kuma magungunan danne garkuwa irin su prednisolone da infliximab na iya tada tibin da ke kwance. In kika ga jini mai yawa a bahaya, ko amai da kumburin ciki, ko zazzaɓi, ku wuce asibiti a daren kar ku jira ranar ganin likita.