Tambaya da Amsa: Shin wasannin waya ne suka kashe mini kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Tawa ne, kuma shekara bakwai ke nan ina riƙe da ɗan ɗakin wasa a unguwar Sabon Gari, inda nake da PlayStation 4 guda uku, ana biyan dala ashirin a buga ƙwallo sau ɗaya. A da, daga la'asar zuwa isha sai an yi layi a bakin ƙofa, amma yanzu kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Har yayata, wadda ta sha yi mini faɗa cewa ina ɓata ƴaƴan mutane, ba ta kwanciya sai ta taɓa Candy Crush, maƙwabcina tela kuma ba ya rabuwa da Ludo King. Yaran da suka rage a wurina suna cewa waɗannan ba wasanni ba ne, shirme ne kawai. Shin ƙananan wasannin nan za su binne manya ne? In sayar da na'urorina in kama wata sana'a tun da sauran daraja?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Bari in fara da yayarka, domin rabin amsar yana wurinta. Tun da ka buɗe ɗakin nan, ko sau ɗaya ta taɓa shigowa ta biya dala ashirin ta riƙe manet, wato abin sarrafa wasan? Na tabbata ba ta taɓa ba, haka ma telan. Wasannin ɗebe kewa irin nasu sun samu yawancin jama'arsu ne daga cikin mutanen da a da ba ruwansu da wasan bidiyo ko kaɗan, wato iyaye mata, ƴan kasuwa, ma'aikatan ofis da dattawa, saboda haka ba daga aljihunka aka ɗauke su ba.

Abin ya daɗe yana tafe. A 1990 kamfanin Microsoft ya saka wasan karta na Solitaire cikin Windows 3.0 domin mutane su saba da jan linzamin kwamfuta, sai ga shi ma'aikata sun mayar da shi abokin zama a ofis. A 1997 Nokia ta sa wasan Snake a wayarta, kuma duk wanda ya riƙe 3310 a ƙasar nan ya san macijin nan da ke ƙara tsawo har ya ciji jikinsa. Nintendo ta fahimci inda iska ke kaɗawa, ta fito da Wii a 2006, na'urar da kaka da jika ke iya bugawa tare ta hanyar kaɗa hannu kawai, ta kuma sayar da fiye da miliyan 100. Da aka buɗe kasuwannin manhaja na Apple da Android a 2008 sai ƙofa ta wangale gaba ɗaya: Angry Birds ya fito daga Finland a 2009, Candy Crush Saga da Subway Surfers suka biyo baya a 2012, kuma a 2018 Subway Surfers ya zama wasan farko da aka sauke sau biliyan 1 a Google Play.

Dalilin wannan bunƙasa ba ya buƙatar dogon bincike ga wanda ke zaune a Ader, yankin da Tawa take. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020, farashinta dalar Amurka 499 ne, wato sama da jaka 250 na sefa tun kafin a yi maganar kuɗin dako da na duwan, sannan tana son talabijin, tana son wuta tsayayya, abin da kai ka fi ni sanin wahalarsa a watannin Afrilu da Mayu. Waya kuwa tana aljihu tun da farko, don kira da WhatsApp aka saye ta, wasan kyauta ya zo ya tarar da ita. Sai kuma maganar lokaci, wadda a ganina ta fi ta kuɗi nauyi. Ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja a bakin tasha, ko uwargida da ke jiran ruwan tuwo ya tafasa, minti uku suke da shi, kuma zagaye ɗaya na Candy Crush bai wuce haka ba. Wasa irin Elden Ring na 2022 yana cin sa'o'i gommai, abokin gaba ɗaya yana iya kayar da mutum sau ashirin kafin ya gane lagonsa, kuma ba kowane magidanci ne ke da wannan sararin ba.

Kuɗi ma sun bi jama'a. A 2016 Activision Blizzard, masu Call of Duty, sun sayi King, kamfanin da ya yi Candy Crush, a kan dalar Amurka biliyan 5.9, kuma a yau kusan rabin abin da masana'antar wasanni ke samu a duniya daga waya yake fitowa. Duk da haka manyan wasanni suna nan da ransu, domin Grand Theft Auto V na 2013 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 200, gasar duniya ta Dota 2 kuma ta raba kusan dalar Amurka miliyan 40 a 2021. Ƴan gani-kashe-ni ba su ragu ba, taron da ke kewaye da su ne ya ninka har suka zama kamar ƴan tsiraru.

Game da rainin da yaranka ke yi, ka tambaye su ko sun taɓa zama gaban tsohon da ya iya dara. Rami 30 ne a ƙasa, ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, yaro yana koyon ƙa'idar kafin shayi na biyu ya nuna, amma sai ya yi furfura bai daina shan kaye a hannun gwanaye ba. Haka Tetris yake, wasan jera tubala wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984: ana gane shi cikin minti ɗaya, amma tun 2010 ake gasar duniya a kansa, kuma sai a Disamban 2023 aka samu wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka da ya buga tsohon samfurinsa na Nintendo har manhajar ta tsaya cak. Sau da yawa nauyin wasa yana wurin mai buga shi ne.

Yanzu ga abin da nake ganin ya rage maka ciniki, kuma ba Ludo ba ne. Ka leƙa wayar ɗaya daga cikin yaran da suka daina zuwa, ina kyautata zaton Free Fire za ka gani, ko PUBG Mobile, ko eFootball. Kamfanin Garena na Singafo ya fitar da Free Fire a 2017, ya gina shi yadda zai yi aiki a ƙaramar waya mai araha, mutum 50 suna harbin juna a tsibiri ɗaya, a gama cikin minti goma, shi kuma Konami ya mayar da wasansa na ƙwallo PES zuwa eFootball a 2021 ya sake shi kyauta. Waɗannan wasanni ne na gasa da zufa, masu neman atisaye kullum, sai dai sun bar talabijin sun koma tafin hannu, sun kuma tafi da ainihin abokan cinikinka.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar sayarwa. Wanda ya ci wasa shi kaɗai a ɗaki ba shi da shaida, alhali a wurinka idan yaro ya zura ƙwallo a minti na 90, mutum goma ne za su yi ihu a bayansa, a kwana uku ana tsokanar wanda aka ci. Wannan ne hajarka, kuma waya ba ta sayar da shi. Ka shirya gasar unguwa a ranakun hutu, ka rubuta jadawali a allo, ka nemi wani mai shago ya ɗauki nauyin kyautar, domin idan daga kuɗin shiga aka tara ta, iyaye da malamai za su ce caca ce, kuma ba za ka iya kare kanka ba. Idan hali ya yi, ka sa farantin sola da intanet, ka ware benci ga ƴan Free Fire da ke bugawa huɗu-huɗu, su biya kuɗin caji da na zama. Ka riƙe lissafi a littafi har wata uku, idan ka ga na'ura ta uku ba ta biyan wutar da take sha, sai ka sayar da ita kaɗai.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a unguwar Bukoki a Yamai. Ɗana mai shekara 14 kullum yana roƙon jaka guda wai zai sayi lu'ulu'u a Free Fire, alhali an ce wasan kyauta ne. Yaya abin kyauta yake cin kuɗi haka, kuma yaushe ya kamata in damu?

AMSA: Hajiya, shiga ce kyauta, zama kuwa da kuɗinsa. Masu waɗannan wasanni suna samu ta hanyar tallan da ake nuna wa kowa, da kuma ƙananan sayayya da wasu ƙalilan ke yi a kai a kai. A Candy Crush, alal misali, rai biyar ake ba mutum, idan suka ƙare sai ya jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, ko ya biya ya ci gaba nan take, kuma a daidai lokacin da ya kusa haye mataki ake miƙo masa tayin. Lu'ulu'un da ɗanki ke nema kuwa kuɗin cikin wasa ne da ake sayen tufafi, kwalliyar bindiga da ƴan wasa masu baiwa ta musamman, kuma a tsakanin sa'o'insa wanda bai da su kamar wanda ya je idi da tsohuwar riga ne.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne akwatunan sa'a, waɗanda ake biya ba tare da an san abin da zai fito ba. Tun 2018 hukumomin Beljiyam suka ɗauki irinsu a matsayin caca. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, amma ba yawan sa'o'i kaɗai take dubawa ba: alamomin su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Idan yaronki yana salla, yana barci, makinsa a makaranta bai faɗi ba, to bai kai nan ba.

Ki yanke masa adadi guda a wata wanda ba ya ƙaruwa ko da kuka, ki sa lambar sirri a kan sayayya idan wayarki yake amfani da ita, kuma wayar ta kwana a ɗakinki a daren makaranta. Duk ranar da ya karɓi kuɗin, ki zaunar da shi ya nuna miki a allon wayar abin da ya saya da kuma nawa ya rage.