Tambaya da Amsa: Yadda Ake Bin Salsalar Iyalin da Suka Fara Zama a Kentaki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a Amurka, kuma a darasin tarihi an ba mu aikin bin salsalar wani iyali daga cikin waɗanda suka fara ƙaura zuwa yammacin ƙasar. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta yarda in yi aikin a kan danginta, ta ce kakanninsu daga Bajiniya suka taso suka sauka a Kentaki kafin 1800. Na bi su a takardun ƙidayar jama'a har zuwa 1850, daga nan sawu ya ɓace mini. A intanet kuma na tarar wani ya riga ya haɗa su da zuriyar Daniel Boone, shahararren maharbin nan da ya share hanyar shiga Kentaki. Shin in ɗauki wannan, ko akwai hanyar da zan bi in tabbatar da kaina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Inda kika tsaya nan ne kusan duk mai irin wannan bincike yake tsayawa, kuma dalilin yana cikin tsarin ƙidayar kanta. An fara ƙidayar jama'a a Amurka a 1790, ana maimaitawa duk shekara goma, amma har zuwa ta 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida kuwa adadinsu ake sawa gwargwadon jinsi da rukunin shekaru. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum da ke gidan, ban da bayi. Bugu da ƙari, takardun ƙidayar 1790 na Bajiniya da Kentaki sun salwanta, haka ma na Kentaki na 1800. Rajistar haihuwa da mutuwa mai ɗorewa kuwa ba ta kankama a Kentaki ba sai 1911. Saboda haka daga 1850 zuwa baya dole ki bar ƙidaya ki koma ga fili, domin mutanen nan neman ƙasar noma ya fito da su, kuma a kan ƙasar ne hukuma ta fi ajiye sunayensu.

Kafin ki nemi kowace takarda, ki tantance gundumar da wurin yake ƙarƙashinta a shekarar da kike bincike. Kentaki yanki ne na Bajiniya har zuwa 1792, lokacin da ta zama jiha. A 1776 gunduma ɗaya ce tak, a 1780 aka raba ta uku, wato Jefferson da Fayette da Lincoln, daga nan aka ci gaba da yanka sababbi daga cikin tsofaffi. Mutum yana iya zama a gona ɗaya har ya tsufa, amma takardar aurensa tana kotun wata gunduma, ta sayen filinsa tana wata, wasiyyarsa kuma tana ta uku, domin takarda tana zama ne a kotun da aka rubuta ta ko da an ja sabuwar iyaka. Masu bincike da yawa sun ɗauka iyali sun yi ƙaura, alhali iyakar ce ta motsa.

A ganina littattafan haraji su ne madogara mafi amfani a wannan zamani, ko da yake an fi yin watsi da su. A Kentaki kowace shekara ake rubuta su, kuma a layin mutum za ki ga sunansa, da yawan ekar filinsa, da sunan rafin da filin yake bakinsa, da adadin dawakinsa da bayinsa. Ki jera su shekara bayan shekara. Idan wani sabon suna mai laƙabin gidan ya bayyana da doki ɗaya ba fili, sau da yawa ɗa ne da ya cika shekara 21. Idan kuma sunan maigida ya ɓace, sunan mace ya maye gurbinsa a kan eka ɗaya da rafi ɗaya, to kin kusa gano shekarar rasuwarsa da sunan matar da ya bari. Sunan rafin ne kuma zai raba miki mutum biyu masu suna ɗaya a gunduma ɗaya, abin da yake yawan faruwa tun da sunayen kakanni suke maimaitawa.

Daga nan sai takardun cinikin fili. A Bajiniya da Kentaki da itatuwa da duwatsu da rafuka ake kwatanta iyakar gona, tare da ambaton masu iyaka da ita, kuma waɗannan maƙwabta galibi surukai ne ko abokan tafiya da aka taso tare daga gari ɗaya. Idan asalin mutumin ki ya ɓuya, ki bi na maƙwabcinsa. Mace kuma a nan take fitowa, domin matar aure tana da haƙƙi a filin mijinta, don haka in zai sayar sai a tambaye ta a keɓe ko ta amince, a rubuta sunanta. Wannan tsarin iyaka ya haifar da shari'o'i masu yawa saboda filaye suna hawa kan juna. Rikicin mallakar fili yana cikin abin da ya sa mahaifin Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya bar Kentaki ya koma Indiyana a 1816. Abin da ya zame musu masifa ya zame wa mai bincike alheri, domin a fayil ɗin shari'a akan jera magada ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa iyalin sun haura arewa da kogin Ohayo, a mafi yawan yankin za ki tarar da tsarin awo na dokar 1785, inda aka yanka ƙasa gida-gida, kowane yanki eka 640.

Ki duba wasiyya da takardar rabon gado, inda kuma ake samun sunayen bayin gidan, waɗanda ƙidaya ba ta ambaci sunansu ba sai 1870 bayan an 'yanta su. Ki duba takardar lamunin aure, domin wanda ya tsaya wa ango yakan zama uban amarya ko ɗan'uwanta. Idan kakan ya yi yaƙin neman 'yancin Amurka daga Birtaniya, ki nemi fayil ɗinsa na fansho a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa: a ƙarƙashin dokar 1832 tsofaffin sojoji sun tsaya a gaban kotu sun faɗi inda aka haife su da wuraren da suka zauna bayan yaƙi, wasu matan da mazansu suka rasu ma har yage shafin sunayen iyali suka yi daga Baibul ɗin gida suka aika a matsayin shaida. Da yawa daga cikin waɗannan takardu ana iya karanta hotonsu kyauta a shafin intanet na bin salsala mai suna FamilySearch.

Game da Daniel Boone, kada ki sa shi a aikinki tukuna. Gaskiya ne shi ya jagoranci share hanyar da ta ratsa mashigin Cumberland a 1775, kuma dubban iyalai sun bi ta suka shiga ƙasar da ƙabilun 'yan asalin wurin, Shawnee da Cherokee, suke farauta a cikinta, amma bin hanyarsa bai sa kowa ya zama jininsa ba. 'Ya'yansa goma ne, kuma an daɗe da bin zuriyarsu, don haka da'awar tana da sauƙin gwadawa. Ki tambayi wanda ya haɗa salsalar takardar da ta ce wane ɗan wane ne, a kowane mataki. Duk matakin da ba shi da takarda, ki rubuta shi a matsayin labarin baka na iyali. Gwajin ƙwayar halitta zai iya taimakawa wajen tabbatar da tsatson uba, sai dai namiji ne yake yin irin wannan gwajin, don haka ɗan'uwan dattijuwar ko ɗansa za a nema.